Sabuwar Kwamfutar Malam a Watannin Takaba

Malam ya sayo kwamfutar ne a Talata Mafara ranar kasuwa, mako uku kafin ciwon da ya tafi da shi. Sau ɗaya ya buɗe kwalinta, ya dube ta, ya mayar. Ya ce sai ƙanena ya samu sarari ya zo Bakura ya koya masa. Niyyarsa ita ce ya tattara karatun da ya yi shekaru yana bayarwa a zauren gidanmu, da Dakko, da Janbako can ƙasar Maradun, inda yakan je ranar kasuwarsu. Shi bai taɓa naɗar muryarsa da kansa ba. Ɗalibansa ne, manoma da 'yan kasuwa, suke ajiye wayoyinsu a gabansa idan ya fara, kowa ya tafi da nasa a cikin memori.

Da ya rasu na shiga takaba. Wata huɗu da kwana goma, daga ɗaki sai tsakar gida. Ni kuwa mace ce da ta saba fita, ina da shagon ɗinki a bakin hanya tun kafin in haifi ɗan farina. Kwanakin farko gidan cike yake da masu gaisuwa, ban ji zaman ba. Da mutane suka janye, sai na rasa inda zan sa kaina. In share inda na share. In kwance buhun gero in ɗaure. In tsaya a bakin ƙofar da ke kaiwa zaure, in juyo. Inna, mahaifiyar Malam, wadda muke gida ɗaya da ita, tana kallona daga kan tabarmarta.

Ni na tuna wa ƙanena maganar kwamfutar. Ya sanar da ɗaliban Malam, sai memori suka fara zuwa. Wani a naɗe cikin takarda, wani cikin kwalin ashana, wani a ƙulle a ledar goro. Kowa da sharaɗi guda: a kwafa a mayar masa da abinsa, don ba shi da wani. Abin da ya zo hannuna ke nan, muryar mijina a warwatse cikin ƙananan abubuwan da ba su kai farcen yatsa ba, kuma babu ko ɗaya da ke da na biyu.

Ƙanena yana aiki a ofishin noman rani na Bakolori, gidansa yana Mafara. Ya zo wata Juma'a, ya fito da kwamfutar daga kwali, ya haɗa ta da wayarsa na ɗan lokaci, ya ce tana ɗauko wasu abubuwa da take buƙata. Ya nuna mini yadda ake sa memori, da yadda ake kwafa, ya rubuta mini matakan a bayan littafin awon ɗinki. Bai nuna mini yadda ake kashe ta ba, ni ma ban tambaya ba. Ya yi sauri don ya samu mota kafin magariba.

Washegari da hantsi na yi alwala na buɗe ta. A nan na lura da fitilar. Wata 'yar ƙarama ce a gefenta, ba ta kai ƙwayar dawa ba, tana ƙyaftawa ba tsayawa. Tare da ita akwai wata ƙara can ciki, ƙir-ƙir, ƙir-ƙir, irin wadda ake ji a buhun wake idan ƙwari sun kama shi. Na ɗauke hannuna gaba ɗaya, na rungume su a ƙirji, don in ga ko ni ce nake sa ta. Ba ta daina ba. Ban taɓa komai ba, ban sa memori ba, amma tana ta aiki.

Mene ne take yi? Wannan tambayar ta zauna mini. Na taɓa jin wata mai kawo mini ɗinki tana kukan cewa bairos ya cinye mata hotunan bikin 'yarta a waya. Na kuma ga abin da gara ta yi wa akwatin littattafan Malam wata damina, daga waje lafiya lau, da aka buɗe sai gari. Na haɗa biyun a raina, na yanke cewa wani abu ne a ciki yake ci.

Duk da haka na kwafa memori na farko, na wani mutumin Dakko. Na danna, muryar Malam ta fito, yana gyaran murya kamar yadda yake yi kafin ya fara. Ban iya wuce minti ɗaya ba. Na tsayar.

A gidan da na yi aure, littafin da ke da ayoyi ba a barinsa a buɗe a tashi, ba a ajiye shi a ƙasa, ba a ɗora masa komai. Idan an gama a rufe, a naɗe, a sa shi sama. Na tarar ana haka, na yi shekara ashirin da wani abu ina yi, hannuna ya riga ya saba. Karatun Malam kuwa cike yake da ayoyi. Tun daga lokacin da karatu na farko ya shiga, kwamfutar ta zama ɗaya daga cikin littattafansa a wurina. Na rufe murfinta, amma fitilar ta ci gaba da ƙyaftawa, ƙarar ma tana nan. Na buɗe, na danne maɓallin da ake kunna ta da shi, na riƙe, sai ta ɗauke gaba ɗaya, shiru. Na ji sanyi a raina. Na ce ashe ga maganinta. Na naɗe ta da hiramin Malam, na ɗora ta kan akwatin littattafai.

Haka na yi ta yi kullum. In buɗe, in kwafa ɗaya ko biyu da sauri kafin abin da ke ci ya yi nisa, in danne maɓallin, in naɗe. A lissafina ina rage masa lokacin ɓarna ne. Sai dai kullum na buɗe tana ƙara jinkirin farkawa. Wani lokaci ta nuna rubutun Turanci da wasu ɗigo-ɗigo masu zagaye, ta daɗe a haka. Ƙarar ta ƙaru. Ko tana naɗe a sama, ina tuƙa tuwo, sai in ji kamar ina jin ta. In bar muciya in shiga ɗaki in kara kunne a jikin hiramin. Babu komai. In fito. Kafin tuwo ya nuna in sake komawa.

Na kira ƙanena a waya. Yana cikin gonaki, iska tana kaɗa maganarsa.

“Adda, ba komi ba na, haka sabuwa take yi. Bari sai na zo.”

“Yaushe?”

“Juma'a in Allah ya yarda.”

Bai zo ba, ana rabon ruwa ga masu albasa. Juma'ar da ta biyo ma bai zo ba.

A tsakanin nan ne mutumin Janbako ya iso. Dattijo ne mai sayar da hatsi, ya fi Malam shekaru amma a gabansa yake ɗaukar karatu. Ya zo a babur, ya zauna a zaure, Inna ce take kai da komo tsakaninmu tunda ni ba na fita wurin baƙi. Nasa memorin ya fi na kowa muhimmanci. Wani littafin fiƙihu da Malam ya ƙare karantarwa a Janbako wata guda kafin rasuwarsa, zama goma sha biyu, shi kaɗai ya naɗe shi daga farko har ƙarshe. Ya ce ba zai bar memorin ya kwana ba, kuma dole ya juya da wuri, don hanyarsu ba a bin ta idan rana ta yi sanyi.

Na sa memorin, na bi matakan. Wani koren layi mai nuna nisan kwafin ya fito yana tafiya kamar ba ya so. Fitilar ta daina ƙyaftawa, ta tsaya a kunne kyam, ƙarar ta zama ɗaya ba yankewa. Na taɓa ƙasan kwamfutar, zafi. Tunanina shi ne abin nan ya gama da na ciki, yanzu zai bi ta ramin da na sa memorin ya shiga memorin bawan Allah ya cinye. Inna ta leƙo.

“Baƙonki shina ta duban rana.”

“Yanzu, Inna.”

Na tashi, na zauna. Na fita tsakar gida, na dawo. Layin ya kusa ƙarshe ya tsaya a wurin. Na duba inda nake zuba karatun, na ga sunaye goma sha biyu a jere. Na ƙirga sau biyu. Aka kira azahar. Na ce tunda ga su nan, ai sun shiga. Na danne maɓallin, na zare memorin, na naɗe shi a takardarsa, na ba Inna. Na ce a gaya masa ya shiga lafiya, Allah ya saka da alheri. Na ji tashin baburinsa ina naɗe hirami.

Sai Juma'a ta uku ƙanena ya zo. Ya gaida Inna gaisuwa mai tsawo, ya ci abinci, sannan ya ce in kawo. Ya ga na sauko da ita daga kan akwati ina kwance hirami. Ya kunna. Ta daɗe ba ta farka ba.

“Ka ji ko? Ka ji abin da nika hwaɗa maka?”

“Na ji. In kin gama, ƙaƙa kike kashe ta?”

Na nuna masa da yatsa. Ya dube ni, ya dubi maɓallin.

“Kullum?”

“Kullum.”

Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Shi ne autanmu, na goye shi, bai taɓa ɗaga mini murya ba, kuma ranar ma bai yi ba. Ya ce babu abin da ke cin komai. A cikinta akwai wani faifai mai juyawa, a kansa take rubuta duk abin da aka ba ta, fitilar kuwa tana nuna cewa faifan yana aiki ne kawai. Sabuwar kwamfuta, in ji shi, kamar wanda ya tare a sabon gida ce, kwanakin farko ba ta zama. Tana bin duk abin da ke cikinta ɗaya bayan ɗaya tana rubuta sunansa da inda yake, yadda Malam ya yi wa littattafansa jeri a takarda, don in an nema a samu da wuri. Akwai kuma mai gadi a cikinta, duk memorin da aka sa sai ya bincike shi tas. Ga abubuwan da ta ɗauko daga wayarsa ranar farko, tana son ta ɗora su a mazauninsu, ba a ba ta dama ba. Sannan ita wannan ba babba ba ce, wurin da take baza aikinta kaɗan ne.

“Kamar ki samu shinkahwa buhu biyar, tabarmar shanya guda. Ki baza, ki kwashe, ki mai da buhu, ki ɗebo wata. Kai da komon nan shi na kike ji.”

“To mi ya hana ta gamawa? Yau mako uku.”

“Ke, Adda. Duk sadda ta kai rabi sai ki tsinke ta. In kin buɗe, sai ta hwara duba ɓarnar da anka yi, sannan ta koma hwarko.”

Ya ce magani ɗaya ne, a bar ta a buɗe, a jone da sola, tun safe har ta gama don kanta, ko da zai kai yamma. Kada a rufe, kada a lulluɓa mata komai, don ta ƙasa take shan iska.

Na ce ba zai yiwu ba. Da ayoyi a cikinta, a bar ta a buɗe wuni guda, kaji na shiga, mutane na wucewa? Ya ce ai ba takarda ba ce. Na ce na sani, amma muryar wa ke ciki, kuma me take karantawa? Muka tsaya a nan, shi bai iya ce mini in saɓa abin da gidan yake kai ba, ni ban iya ce masa ya yi ƙarya ba.

Inna tana bakin ƙofa, ashe duk tana ji. Ita ma ɗiyar malamai ce, ta yi karatu a gaban mahaifinta fiye da maza da yawa.

“Ke, ɗana mahaddaci na ko ba mahaddaci ba?”

“Mahaddaci na, Inna.”

“Izu sittin cikin ƙirjinshi. Da shi yake zuwa gona, da shi yake hawa babur, da shi yake barci har da minshari. Kin taɓa naɗe shi da hirami kin aza bisa akwati?”

Ƙanena ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Ni ma na ji tana taso mini, ita ce ta farko tun rasuwar, amma ba ta fito ba.

“Ku aza ta bisa teburi, wuri mai tsabta,” in ji Inna. “A ja labule saboda kaji. Wagga ba rashin ladabi ba ta.”

Ƙanena ya kwana a zaure. Da safe ya kunna ta ya fita gaishe-gaishe cikin gari, ya ce kada in taɓa. Ban taɓa yin wuni mai tsawon wannan ba. Na zauna a gabanta hannuna a ƙarƙashin cinya don kada ya kai ga maɓallin. Ta ɗauke da kanta, na miƙe tsaye, ta dawo da kanta. Ta sake. Na fita na wanke kayan da ba su yi datti ba. Na tsince shinkafar kwana uku. Duk bayan ɗan lokaci in ɗaga labule. Abin da ke damuna ya sauya, yanzu ba tsoron mai ci nake ba, tsoron abin da na riga na yi nake.

Bayan la'asar ƙarar ta fara rarrabewa. Fitilar ta koma ƙyaftawa jefi-jefi, sannan ta yi shiru na tsawon lokaci. Ƙanena ya dawo, ya zauna, muka fara buɗe karatun ɗaya bayan ɗaya, kowane mu ji farkonsa, mu tsallaka tsakiya, mu ji ƙarshe. Na zauren gidanmu lafiya. Na Dakko lafiya, sai guda ɗaya da ya ƙi, kuma mai shi yana kusa, an sake karɓowa daga baya. Muka zo na Janbako. Na ɗaya har na takwas suka buɗe. Na tara ya fara, Malam yana bayani a kan rabon ruwa tsakanin maƙwabtan gona, ya kai tsakiyar magana, sai shiru. Na goma, da sha ɗaya, da sha biyu, sunaye ne kawai, babu komai a cikinsu.

Ƙanena ya ce kada in tayar da hankali, ai memorin yana wurin mai shi. Muka kira, ba ta shiga. Janbako sai an hau wani tudu ake samun layi. Kwana huɗu ina kira, safe da rana da yamma, har na haddace muryar matar da ke cewa ba a samunsa. Sai ranar kasuwarsu wayar ta shiga. Ƙanena ne ya yi magana da shi daga Mafara, sannan ya kira ni. Dattijon ya sa an goge memorin tun mako biyu da suka wuce. Wayarsa ta cika, kuma a ganinsa abin da ya shiga gidan Malam ya fi aminci a kan abin da ke aljihunsa. An zuba masa wa'azozi da hotunan jikoki a kai.

Ƙanena bai haƙura ba. Ya je har Maradun suka haɗu, ya karɓo memorin ya kai wa wani mai gyara a Mafara. Abin da aka iya cetowa ɗan guntu ne daga zama na goma sha ɗaya, bai kai tsawon alwala ba, rabinsa ma ƙarar babura ce. Ƙanena bai gaya wa dattijon dalili ba. Ya ce masa na'ura ce ta samu matsala. Ya ce mini in bar shi a haka, ba wanda zai amfana da ƙarin bayani.

Na bar shi a haka har ƙarshen takaba, amma bai bar ni ba. Mutumin nan ya hau babur ya biyo wannan hanya da amanarsa, ni na aika masa da cewa ya shiga lafiya. Da ban faɗa ba da bai goge ba.

Da na fita takaba, aka zaga da ni gidajen dangi a Bakura kamar yadda ake yi. Bayan nan na ce Janbako nake son zuwa. Ƙanena ya ƙi saboda hanya, Inna ta goyi bayansa. Aka daidaita a kan Maradun, gidan gwaggona, aka aika wa dattijon. Ya zo da matarsa. Muka zauna a rumfar tsakar gida, shi a kan kujera can gefe, ƙanena kusa da shi. Bayan gaisuwa da ta'aziyya na ba shi sabon memori da duk karatun da aka tara, na garuruwa uku. Sannan na gaya masa. Na ce ba na'ura ba ce, ni ce na kashe ta tana tsakiyar aiki, kuma na aika masa da maganar da ban tabbatar ba. Na ce ya yafe mini.

Ya daɗe yana juya memorin a tafin hannunsa.

“Malama, ni ma da nawa laifin. Shekara nawa shina ce muna ku rubuta, ku maimaita, kada ku dogara ga waya. Munka aje waya gabanshi muna gyangyaɗi.”

Matarsa ta ce, “Kai dai ka yi gyangyaɗi. Da ka dawo gida wa kake hana ma barci da maimaici?”

Ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Sannan ya tambayi inda na taran ya yanke. Ƙanena ya kunna masa a waya. Ya saurara da ido a rufe har wurin da muryar ta ɗauke. Ya ce a mayar baya. Aka mayar. Da ta sake ɗaukewa, sai ya ci gaba daga nan da tasa muryar, a hankali, yana laluben kalmomi. Na yi wa ƙanena alama, ya danna naɗi ya ajiye wayar a gabansa.

Bai kawo duka ba. Na tara ya ƙarasa shi kusan daidai, yadda matarsa ta shaida. Na goma ya kawo kamar rabi, yana tsayawa yana cewa nan ban riƙe ba, Allah ne mafi sani. Na sha ɗaya kaɗan. Na sha biyu ya ce addu'ar rufewa kawai ya tuna, da cewa an raba dabino. Ya ambaci mutum biyu a Janbako da yake ganin sun fi shi riƙo, ya ce zai zauna da su bayan girbi.

Da na koma Bakura na zuba abin da ya faɗa a bayan na Malam, na rubuta a jikin sunan cewa daga nan ba muryar Malam ba ce, ta ɗalibinsa ce, kuma da giɓi. Haka na raba wa duk wanda ya kawo memori. Ɗaya daga cikin mutum biyun ya aiko da nasa bayan girbi. Ɗayan ya bar garin da iyalinsa kafin a kai gare shi, an ce yana wajen Sakkwato, har yanzu ina neman lambarsa.